Tambaya da Amsa: Jan ɗigon da ke gefen zane

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikaciya ce a Garki, ina zaune a Kubwa. Wata abokiyar aikina ta ja ni baje kolin wani mutum a Wuse 2, wanda yake zane kuma yake sassaƙa. Da na shiga sai na rasa inda zan sa kaina. Wani zanen ban ga komai a jikinsa ba sai ja da ruwan ƙasa kamar an watsa, amma aka ce kuɗinsa ya haura miliyan biyu. Wasu an manna musu jan ɗigo a gefe. Akwai kuma wani mutum-mutumin tagulla da aka rubuta 2/6 a gindinsa. Me waɗannan suke nufi? Kuma in na koma, dole ne sai na sayi wani abu?

Wata 'yar Kubwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba dole, ko kusa. Yawancin masu shiga irin wannan zaure kallo kawai suke yi, kuma galibi ba a biyan kuɗin shiga.

Jan ɗigon nan yana nufin an riga an saye. Mai shi ya biya ko ya ba da kafin alƙalami, amma aikin zai ci gaba da zama a bango har a rufe baje kolin, sannan a naɗe a kai masa. Shi ya sa ranar buɗewa za ki ga mai zanen yana hira da baƙi amma idonsa na kan bango, yana ƙirga ɗigo.

Shi kuwa 2/6, labarinsa yana wajen maƙera. Ba a sassaƙa tagulla kamar yadda ake sassaƙa turmi. Ana fara gina surar da yumɓu, a yi mata mazubi, a ɗauki kwafinta da kakin zuma a cikinsa, a lulluɓe kakin da ƙasa mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya fice. Ramin da ya bari shi ake cikawa da narkakkiyar tagulla. Maƙeran unguwar Igun a birnin Benin sun daɗe suna wannan aiki, har yau ba su daina ba. To tunda akwai wancan mazubi na farko, ana iya zuba sura ɗaya sau da yawa, sai mai aikin ya yi alkawarin iyaka. Wadda kika gani ita ce ta biyu cikin shida, bayan ta shida kuma ba ƙari. In ya karya alkawari ya zuba ta bakwai, ya rage darajar abin da mutum shida suka saya, kuma labari ba ya ɓuya a wannan harka.

Maganar kuɗi kuma, ki tuna zauren dillali ne. Shi ke biyan haya a Wuse 2, shi ke kunna janareta, ya buga ɗan littafin hotuna, ya gayyato masu kuɗi. La'adarsa ba ƙarama ba ce, wani wurin takan kai rabi. Sauran kuɗin ba na fenti da ƙyalle ba ne kawai, sunan mai aikin ake saye da shekarun da ya yi yana gina shi. Ben Enwonwu, ɗan Najeriya wanda shi ma ya haɗa zane da sassaƙa, ya rasu a 1994. A 2018 aka yi gwanjon zanensa mai suna Tutu a Landan kan fam miliyan 1.2, bayan an tsinto shi rataye a wani gida can. Ni dai ba na cewa duk mai tsada mai kyau ne. Na sha ganin aikin da ko kyauta aka ba ni ba zan rataya a falona ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Kin ce ba ki ga komai ba sai ja da ruwan ƙasa. Minti nawa kika tsaya? Karona na farko a irin wannan zaure, na zagaye shi cikin minti biyar kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci, har na kai hannu na shafa wani sassaƙen itace, wata yarinya mai gadin wurin ta ce, "Baba, don Allah a daina taɓawa." Kunya ta sa na maƙale a gaban wani zane ɗaya ina jira idon mutane ya bar kaina. Can sai na lura fentin ba a kwance yake ba, tudu-tudu ne, an ɗora shi da wuƙa, an kankare wani wurin har ƙyallen ya leƙo. Na ja da baya taku huɗu, sai ga layin rufin kwano mai tsatsa da hazon hunturu a kansa, irin wanda nake gani kullum daga gadar Nyanya. Da ban ji kunya ba da na wuce.

Ki gwada haka. Ki zaɓi aiki ɗaya, ki matsa kusa, ki ja baya, sannan ki karanta 'yar takardar gefe. Na sassaƙa kuwa ki zagaya shi, don bayansa ma aiki ne. Mai haɗa zane da sassaƙa yakan fallasa kansa: za ki ga lanƙwasar da ya yi wa ƙarfe ta sake fitowa a zanen da ke bango. In yana wurin ki tambaye shi da me ya yi, kwana nawa ya ɗauka. Suna son wannan tambayar fiye da "me yake nufi?"

Na san wasu masu karatu za su tambayi hukuncin surar mai rai. Wannan fagen malamai ne, ba nawa ba. Amma ayyuka da yawa babu mutum ko dabba a cikinsu, sun fi kusa da adon da maginan Zariya ke yi wa fuskar soro, ko aikin allura a wuyan babbar riga. Kuma ki duba bayan naira 20: Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane daga nan yankin Abuja, wadda aka baje tukwanenta a Landan.

In kina son ƙara buɗe ido, akwai Thought Pyramid a Wuse 2, da zauren Nike a kan hanyar filin jirgi, da cibiyar Cyprian Ekwensi a Area 10. Ranar da hanya ta kai ki Jos, ki shiga gidan tarihin da aka buɗe a 1952 ki ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'adar Nok.

Idan wata rana kin tashi saye, ki tambayi ƙananan ayyuka na takarda, sun fi sauƙi, kuma ana yin tayi a hankali, ba da ɗaga murya ba. Ki karɓi takardar shaida mai sa hannun mai aikin. A gida kada ki rataya shi inda ranar yamma ke duka, kuma ƙurar hunturu da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta. Ki gaya wa masu shara tun wuri, kada wani ya bi shi da jiƙaƙƙen tsumma.