Bargo daga tufafin mahaifiya: shin dabara ce, kuma ta ina ake farawa?

Tambaya: Mahaifiyata ta rasu ta bar tufafi da yawa. Mun rabar da mafi yawansu, amma akwai waɗanda na kasa rabuwa da su, kuma ajiyarsu a cikin akwati ba ta sanyaya mini rai. Na ji ana yanka irin waɗannan kaya a harhaɗa su a ɗinka bargo. Shin wannan dabara ce mai kyau, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba ku haƙurin rashinta. 'Yar'uwa, dabara ce mai kyau, kuma mutane sun daɗe suna yin ta. A yankin Bengal, wato Bangladesh da gabashin Indiya, mata kan jera tsofaffin zannuwa a kan juna su bi su da ƙananan ɗinki, su samar da mayafin da ake kira kantha. A ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama ta Amurka, wata mata mai suna Missouri Pettway ta ɗinka bargo a 1942 da kayan aikin gona na mijinta bayan rasuwarsa. A 1987 kuma, a birnin Washington, aka fara shimfiɗa bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, mai ɓangarori 1,920, kowanne ƙafa 3 a faɗi da ƙafa 6 a tsawo, kwatankwacin girman kabari.

Dalilin da ya sa tufafi ke riƙe tunani fiye da sauran kayan da mamaci ya bari shi ne sun zauna a jikinsa, sun ɗauki alamarsa. Saboda haka shawarata ta farko ta saɓa wa abin da yawancin mutane ke yi. Da dama sukan zaɓi kayan ado masu tsada waɗanda marigayiyar ba ta sa su ba sai jefi-jefi, sai bargon ya fito da kyau amma bai tuna musu da kowa ba. Ki nemi zanen da take ɗaurawa kullum, da rigar da wuyanta ya koɗe, da wurin da ita da kanta ta yi wa faci da zaren da bai dace da launin yadin ba. A bargunan Gee's Bend ana ganin gwiwar wando da ta yi fari saboda durƙuso, ana kuma ganin gurbin aljihun da aka farke, inda launin ya rage da duhunsa domin rana ba ta taɓa shi ba. Irin waɗannan wurare ne ido zai tsaya a kansu bayan shekaru, kada ki yanke su ki zubar.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ki tuntuɓi 'yan'uwanki, domin rigar da kike ganin ƙyalle ce kawai tana iya zama abin da wani yake so ya riƙe yadda take. Ki ɗauki hoton kowace tufa, ki kuma ware ɗaya ko biyu da ba za a yanka ba. Idan kin ɗauki almakashi kin ji hannunki ya ƙi, ki mayar da kayan ki jira, babu abin da zai lalace don an jinkirta.

Shi bargon hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa da ƙyallaye, da auduga a tsakiya, da shafi a baya, sannan a bi su da ɗinki ya kama su gaba ɗaya. Matsalar tsohon yadi ita ce rauni, kuma wuraren da na ce ki zaɓa su ne suka fi rauni. Maganin wannan shi ne a manna musu siririn yadi mai danƙo ta baya da dutsen guga, haka ma duk yadin da ke miƙewa idan an ja shi. Ki wanke kayan daban-daban tukuna don ki gane wanda yake zuba, amma ki sani wanki zai tafi da ƙamshin mai su, wanda shi ne wani dalilin ware tufar da ba za a taɓa ba. Ki yanka ƙyallayen murabba'i masu girma ɗaya, ki bar kimanin milimita 6 a kowane gefe don ɗinki. Mai farawa ba ta buƙatar zane mai wuya. Idan za ki ba tela ne, ki zauna da shi ki nuna masa wuraren da ba ki so ya yanke, tun da shi tsumma kawai zai gani.

A ganina, bargon da ake rufa da shi ya fi wanda aka naɗe aka ɓoye, ko da zai tsufa da wuri. Ki dai kiyaye shi daga hasken rana kai tsaye, wanda ke koɗar da launi, kada kuma ki ajiye shi a leda, domin tana riƙe danshi. Ki naɗe shi a cikin zanen auduga mai tsabta, ki riƙa sauya wurin ninki lokaci-lokaci don kada zaren ya karye a layi ɗaya.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. Gidajen tarihi cike suke da barguna da ba a san wanda ya ɗinka su ba, balle wanda aka ɗinka dominsa. Ki ɗinka ƙaramin farin ƙyalle a bayan naki, ki rubuta sunan mahaifiyarki da naki da shekarar da kika gama, da zare ko da tawadar da ba ta fita a wanki. A takarda kuma ki zana tsarin bargon, ki rubuta tufar da kowane ƙyalle ya fito daga cikinta, ki ba 'yan'uwanki kwafi.