Dalilin da Maganin Bakteriya ke Sa Ganye Ya Yi Fari

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa streptomycin, maganin kashe bakteriya, ke sa sabon tsiro ya fito fari fat. Sirrin yana cikin kuloroplas, koren ɗigon nan da ke haɗa wa ganye abinci da hasken rana. Yana da nasa DNA da nasa ribosom masu ƙera furotin, kuma ribosom ɗin irin na bakteriya ne, ƙanana da ake kira 70S, alhali waɗanda ke cikin ruwan ƙwayar halittar manya ne da ake kira 80S. Kakan kuloroplas sayanobakteriya ce, wato bakteriya mai haɗa abinci da hasken rana, wadda wata ƙwayar halitta ta haɗiye sama da shekaru biliyan 1 da suka wuce, kamar yadda masaniyar ilimin halittu Lynn Margulis ta kafa hujja a 1967. Shi ya sa maganin ke toshe ribosom ɗin kuloroplas, ƙera furotin na haɗa abinci kamar babban sashen Rubisco (furotin mai kama iskar kabon) ya tsaya, koren ya gagara fitowa.