Na bi GPS sau da ƙafa, amma jirgina ya hau yashi

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai inji a baya, wanda ke nutsewa kamar santimita 60 a ruwa. Akwai wani mashigi da nake bi, faɗinsa bai wuce mita 12 ba, ga kwana biyu, ga rashin zurfi. Abokina ya ba ni lambobin ɗigo huɗu, wato wuraren da ya yi wa alama a kan hanyar, da ya ɗauka bara, na shigar da su a na'urar GPS, na bi su sau da ƙafa, amma a kwana ta biyu jirgin ya hau tudun yashi ya kafe. Na'urar ce ta lalace, ko lambobin ne ba daidai ba?
Daga wani mai karatu

AMSA: Malam, sannu da wahala. Ina kyautata zaton na'urarka ƙalau take, abokinka ma bai cuce ka ba. Ka ɗora mata aikin da ba nata ba ne. GPS tana gaya maka inda kake, amma ba ta san abin da ke ƙarƙashin jirginka ba.

Mu fara da lissafi. Irin na'urorin da ke hannun jama'a, ko a fili ba abin da ya tare sama, sukan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. In kana tsakiyar mashigi mai mita 12, mita 6 ne kawai tsakaninka da kowane gefe. Na'urar abokinka ta yi nata kuskuren ranar da ya ɗauki ɗigon, taka ma ta yi nata. Haɗa su, ka ga filin ya ƙare.

Amma tun da a kwana ka kafe, zargina ya fi karkata ga wani abu daban. Na'ura layi miƙaƙƙe take ja daga ɗigo zuwa ɗigo, ruwa kuwa lanƙwasa yake yi. Ɗigo huɗu sun yi kaɗan ga kwana biyu, don haka layin zai yanke ta cikin kwanar, kuma a nan ne yashi ke taruwa. Ruwa ya fi gudu a gefen waje, yana zaizaye gaɓa yana haƙa zurfi, a gefen ciki kuwa yana lafawa ya zubar da abin da ya ɗauko. Ƙari a kan haka, na'urori da yawa suna tsallakawa zuwa ɗigo na gaba da zarar ka shiga wata tazara da aka saita musu. In tazarar mita 40 ce, kibiyar da ke nuna hanya a allon za ta ce ka juya tun ba ka iso kwanar ba. Shiga saiti ka rage ta, ko ka riƙa canza ɗigon da hannunka.

Kada kuma ka zuba wa kibiya ido kawai. Ruwa ko iska na iya tura ka gefe a hankali, kibiyar tana ta nuna ɗigon, kai kuwa ka daɗe da barin layi. Nemi lambar da aka rubuta wa XTE a allon, ita ce ke faɗa maka mita nawa ka kauce, kuma ta wane gefe. Ka riƙa waiwayen baya ma, domin inda ka fito ya fi saurin tona asirin kaucewa.

Sai ka duba yadda ka shigar da lambobin. Na'urorin biyu su kasance a kan tsarin auna taswira iri ɗaya, wato WGS 84. Sannan 30.50' minti 30 da rabi ne (minti na auna wuri a taswira, ba na agogo ba), ba daidai yake da 30' 50" ba, wanda shi minti 30 ne da daƙiƙa 50; tsakaninsu akwai fiye da mita 600, tun da minti ɗaya na latitud mita 1,852 ne.

Ɗigon bara kuwa, ni ba na aminta da shi a ƙasa mai yashi. Ambaliya ɗaya ta isa ta kwashe tudu daga nan ta ajiye shi can. Ka zaɓi rana da haske mai kyau, ka shiga a hankali, mutum ɗaya a goshin jirgi da gora wadda aka yi wa alama a mita 1, yana dungura ƙasa yana faɗa maka. Ko kana da na'urar auna zurfi kada ka bar gorar, domin na'urar abin da ke ƙarƙashinta take aunawa, ba abin da ke gabanka ba. Kunna wa GPS ɗin ajiyar sawu don ta riƙa zana hanyar da ka bi, ka je ka dawo, ka sake, sannan ka dasa ɗigo uku ko huɗu a kowace kwana ta inda gorar ta nuna zurfi.

Kuma ka rage wuta. Jirgi mai gudu a ruwa marar zurfi bayansa yakan ƙara zama ƙasa, farfela ce ke fara shan kashi. Ɗaga injin kaɗan. In mashigin naka teku na cika shi yana janyewa, shiga lokacin da ruwa ke cikowa, ko ka taɓa ƙasa zai ɗaga ka. In ka kafe yana janyewa, sai ka shirya zaman sa'o'i kafin ya dawo.