Wadda ba a jin muryarta, za a ce mata 'yar barkwanci?

Wata malamar makaranta ta rubuto tana tambaya: "Malam, ina fassara tarihin Mabel Normand, 'yar fim ɗin Amurka ta zamanin da fim bai da sauti. In ce mata 'yar barkwanci? Su kuma finafinan, in ce fim ɗin bebaye?"

Malama, ki ajiye "bebaye" gefe. Bebe shi ne wanda ba ya iya magana, su kuwa 'yan wasan nan bakinsu na motsi, na'urar ce ba ta ɗaukar murya. Sai a rubuta zancen a allo tsakanin hotuna, wani kuma yana kaɗa fiyano a ɗakin kallo. "Fim marar sauti" ya wadatar.

Barkwanci kuwa a kunnena aikin baki ne: ka saki magana, majalisa ta kwashe da dariya. Mabel da jiki take nata. Ta zaro ido, ta zame ta faɗi cikin taɓo, a bi ta a guje, ta mako wa ƙato waina mai kirim a fuska. Wannan ban dariya ne, kalmar da ta ɗauki na baki da na jiki. Ki ce "'yar wasan ban dariya". 'Yan kama namu sun fi kusa da ita wajen kwaikwayo, amma su ma bakinsu ne jarinsu.

Kada kuma kalmar ta rage mata daraja. A 1912 ta shiga Keystone, kamfanin fim na Mack Sennett, kuma a 1914, lokacin shahararren ɗan wasan ban dariya Charlie Chaplin yana sabon shiga, ita ke ba da umarni a wasu finafinan da ya fito.

In kin iso 1922, ga salon maganar da za ki buƙata: "shafa kashin kaji", wato a liƙa wa mutum abin kunyar da ba nasa ba. A watan Fabrairun shekarar aka harbe daraktan fim William Desmond Taylor, Mabel ce kuma ta ƙarshe da aka san ta gan shi da rai. 'Yan sanda sun wanke ta, jaridu ba su sake ta ba. A 1924 direbanta ya harbi wani attajiri da bindigarta, warin ya dawo sabo. Shi ya sa Bahaushe ya zaɓi kashin kaji: ɗan kaɗan ne, amma ko an wanke, hanci na tunawa.

Tarin fuka ya kashe ta a 1930. Nan ki rubuta "ta rasu" kawai.