Sifamidin ba maganin kansa ba ne: amsoshin likita

Tambaya: Likita, wai ƙwayar sifamidin da ake tallata wa a WhatsApp tana ƙara maniyyi? Magidanci daga Gusau.

Amsa: Sunan ne ya ruɗe ka, Malam. A cikin maniyyi wani ɗan Holan, Leeuwenhoek, ya fara ganin sinadarin sifamin, ɗan uwan sifamidin, a 1678, sai sunan maniyyi na Turanci, "sperm", ya bi su. Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana da su. In haihuwa ce damuwar, je asibiti a gwada ka.

Tambaya: Mahaifiyata na karɓar allurar kansar nono. Wani mai magani ya ce ta daina, ta koma shan sifamidin, wai yana wanke jiki. Wata daga Zariya.

Amsa: Subhanallahi! Baiwar Allah, don girman Allah kada Mama ta daina. Sifamidin na cikin sinadaran da ake kira foliyamin, waɗanda ƙwayar halitta ke buƙata kafin ta rabu biyu. Saboda haka jiki ba ya sake musu. A cikin ruwan ƙwayar akwai furotin mai suna ODC, shi ke fara haɗa su. Da zarar sun yi yawa, sai wani furotin, antizayim, ya cafke ODC ya kai shi injin markaɗen ƙwayar, ba ya ko cika awa guda.  Rarar kuma ana rushe wani sashe nata a cikin wasu ƴan jakunkuna da ake kira feroksizom.

To, a kansa da yawa wannan tsaron ne ke lalacewa: ODC ya yi yawa, foliyamin su taru, ƙari ya yi ta girma. Masu bincike hanyar rage su suke nema, mai maganin kuma ya ce a ƙara mata! Abin na ba ni takaici. Ku koma wurin likitanta cikin makon nan, ku tafi da kwalbar ya gani. Kada a tsallake allura ko ɗaya.

Tambaya: Da gaske maganin kansa ne ake ba masu ciwon barci? Ɗalibi daga Gboko.

Amsa: Eflonitin, ɗaya daga cikin magungunan ciwon barci, don kansa aka fara ƙirƙiro shi, yana toshe ODC. ODC na jikinmu yana sabuntuwa da sauri, na ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke sakawa kuwa yana daɗewa, shi ya sa maganin ya fi yi mata illa. Ga masu ciwon barci, a asibiti kaɗai ake ba da shi, ta jijiya.