Amsa ga Alhajin da aka roƙa ya zama ma'ajin unguwar 'yan ritaya

Wa alaikumus salam Alhaji. Na karanta tambayarka har ƙarshe, kuma wallahi tausayinka ya kama ni, domin na san irin nauyin da ake shirin ɗora maka. Ka ce unguwarku ta 'yan shekara 55 zuwa sama ce a karkarar Amurka, gidaje wajen sittin, hanyar taku ce, rijiyar taku ce, ma'ajin kwamiti ya ajiye aiki ba zato ba tsammani, maƙwabta kuma sun taso ka gaba wai kai ne mai amana. Kana tambaya ko ka karɓa.

Ni dai shawarata ka karɓa, amma kada ka amsa musu sai ka ga takardu da idonka. Ma'aji ba ya ajiye aiki haka kawai. Wani lokacin rashin lafiya ne, Allah Ya sa haka ne, amma sau da yawa mutum ya leƙa asusu ne ya ga abin da ke tafe, ya zame jikinsa.

Ka ce su ba ka dokokin da aka yi wa rajista a ofishin gunduma, waɗanda ake kira CC&R, da kundin tafiyar da kwamiti, da bayanan taro na aƙalla shekara uku, da takardun banki na wata goma sha biyu. Takardun bankin na ainihi nake nufi, ba lissafin da wani ya buga a kwamfutarsa ba. Sai takardun inshora, sai jerin masu bashi da tsawon lokacin da kowa ya ɗauka bai biya ba. Uwa-uba, rahoton asusun ko-ta-kwana, wato binciken da ƙwararre yake yi ya ƙiyasta sauran shekarun kwalta da rufin zauren taro da famfon rijiya da tanki, da nawa ya kamata a riƙa ajiyewa. Idan aka ce maka ba a taɓa yin wannan binciken ba, to ka riga ka san rabin labarin.

A nan ne zuciyata take ɓaci. Kusan kowace irin wannan unguwa tana da wani tsohon shugaba da ya shekara goma ko fiye yana tutiya cewa a zamaninsa ba a ƙara ko sisi a kuɗin da kowane gida ke biyan unguwa duk wata ba. Kowa na sonsa, ana tafa masa a taron shekara. Shi kuwa hanya tana tsagewa yana sa a liƙe, famfo yana ƙugi yana cewa zai kai baɗi, ɗan kwangila ya kawo ƙiyasi ya jefa a durowa. Ba sata ya yi ba, shi ya sa ba mai iya kama shi, amma abin da ya yi ya fi wata satar illa. Farin jini ya saya da kuɗin waɗanda za su zo bayansa. Ranar da abu ya lalace yana zaune a layin gaba, ya harɗe hannu, shi ne ma zai fara ɗaga murya yana tambayar yadda aka yi sabon kwamiti ya kasa riƙe abin da shi ya riƙe lafiya. Wasunsu ma kafin ranar sun sayar da gida sun koma kusa da 'ya'yansu. Kai da ka zo jiya kai za ka tsaya gaban dattawa ka karanta musu adadin, kuma sunanka za a riƙa kira a gidaje. Wanda kuke gaisawa kullum a wurin akwatunan wasiƙa zai fara kau da kai. Wannan ita ce rana mafi muni a aikin, kuma ba wanda zai faɗa maka ita lokacin da ake lallashinka.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce sake shimfiɗa kwaltarku zai ci dala 300,000, kuma saura shekara goma ta mutu. Idan ana tarawa, dala 30,000 ce a shekara, gida sittin kowa dala 500, wato wajen dala 42 a wata. Idan ba a tara ba, rana ɗaya za a ce kowane gida ya kawo dala 5,000. Matar da mijinta ya rasu, take rayuwa da kuɗin Social Security kaɗai, wato fanshon da gwamnatin Amurka ke biya, ina za ta samo su? Gunduma kuma ba za ta taɓa hanyar ba tunda ba tata ba ce. Ka tuna benen Surfside a Florida da ya rufta a watan Yunin 2021, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa akwai babbar ɓarna a ginin, aka yi ta jan ƙafa kan kuɗin gyara. Ku ba bene gare ku ba, amma halin jinkirin ɗaya ne. Don haka ƙari kaɗan kowace shekara ya fi, kuma ku sa shi ya fara a Janairu, lokacin da ƙarin Social Security yake shiga, tunda ana sanar da shi tun Oktoba. Ku kuma duba ranar biya: da yawa kuɗinsu ranar Laraba ta biyu ko ta uku ko ta huɗu yake shigowa gwargwadon ranar haihuwarsu, sai a ce su biya ran ɗaya ga wata a kuma ci su tara, wannan zalunci ne ba tare da an yi niyya ba.

Batun rijiya kada ka ɗauke shi wasa. A dokar ruwan sha ta tarayya, duk rijiyar da ke ba gida 15 ko mutum 25 ruwa ana ɗaukarta kamar ta jama'a wajen bin ƙa'ida, don haka taku tana ciki. Dole a sami mai lasisin kula da ita, a riƙa kai ruwa gwajin ƙwayoyin cuta kowane wata, a gwada sinadarin naitiret duk shekara, sannan a raba wa mazauna rahoton ingancin ruwa kafin 1 ga Yuli. Ka tambayi wanda yake yin wannan. Sau da yawa wani dattijo ne guda ɗaya da ya san inda kowane bawul yake a binne, ba taswira, komai a kansa. Ku zauna da shi tun yana da ƙarfi a zana. Ka tambaya kuma ko akwai janareto a ɗakin famfo, domin wuta ta ɗauke a hunturu ruwa ya tsaya, bututu ya daskare ya fashe. Ramin shadda kuwa a duba shi duk shekara uku, a kwashe tsakanin shekara uku zuwa biyar, kada a bar mota ta hau filin da ruwan ke tsiyayewa, kada a dasa bishiya kusa. Tsumman goge jiki da ake rubuta wa wai ana iya turawa a masai, su ne suke kashe famfon shadda.

Sai kare kanka, Alhaji. Kada ka sa hannu a komai sai ka tabbatar akwai inshorar shugabanni da ake kira D&O, kuma tana aiki, da inshorar da ke biyan kuɗin da wani na ciki ya sace. Akwai dokar tarayya ta 1997 da ke kare 'yan sa kai daga ƙarar kuskure na yau da kullum, amma ba ta rufe ganganci, ba ta rufe haɗarin mota, kuma ba ita za ta biya maka lauya ba. Wannan na mota ka riƙe shi da kyau, domin na san halinmu, maƙwabciya ta ce a kai ta asibiti ba za ka iya cewa a'a ba. Ka kai ta a matsayin maƙwabci da inshorar motarka, kada a mai da shi hidimar kwamiti.

Kada ka karɓi tsabar kuɗi daga kowa, ko da dala ashirin ce. Mutum biyu su amince da kowane biya, amma ka sani bankuna da yawa ba sa duba ko sa hannu biyu ne a kan cek, saboda haka a sa wani ɗan kwamiti da ba ya sa hannu ya riƙa ganin takardar banki kai tsaye kowane wata. Wannan kariya ce gare ka, musamman kai baƙo mai suna irin namu, wanda in kuɗi ya yi ɓatan dabo ba sai an faɗa maka wanda za a fara kallo ba. Saƙon imel ya zo da sunan shugaba yana cewa a tura kuɗi da gaggawa, ɗauki waya ka kira shi. Asusu ya haura dala 250,000 a banki ɗaya, a raba, domin nan inshorar FDIC ta tsaya, wato hukumar gwamnati da ke lamunce ajiyar banki. Kuma ƙungiya tana cika takardar haraji duk shekara ko ba ta ci riba ba, yawanci fom 1120-H. Akwai ƙananan unguwannin da suka shekara ba su cika ba don ba wanda ya sani.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zai zo maka: kuɗin ajiyar nan galibi a asusu mai kuɗin ruwa yake, kuma dokokin unguwa kan ɗora ruwa a kan wanda ya makara. Ka je wurin malamin da ka yarda da shi ka yi masa bayanin cewa dukiyar ba taka ba ce, riƙo aka ba ka, ka ji abin da zai ce tun kafin ka shiga. In ranka bai kwanta ba, ka nemi kujerar sakatare ko mai kula da hanya da ruwa.

Dokar 1995 da ta ba ku damar zama unguwar manya tana da sharaɗi: kashi 80 cikin ɗari na gidajen da ake zaune a ciki su kasance da aƙalla mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye, wato 48 cikin sittin, kuma a sabunta tantance shekaru duk shekara biyu. A yi sakaci da wannan, damar ta tafi. Matsalar tana fitowa ne wajen gadon gida da kuma jikoki. Mu da jika kan zo ya yi wata uku, ka karanta iyakar kwanakin baƙo tun yanzu, don ba ka da bakin hukunta wani in kai ma kana karyawa. Dokar ta ba da damar ware yara ne kawai. Addini da launin fata da asali da nakasa duk suna nan da kariyarsu. Wanda ya nemi ya yi gangaren keken guragu a ƙofarsa, kada kwamiti ya tsaya gardamar ado.

Kuma kwamiti ba gidan jinya ba ne, duk da cewa za a so a mai da ku haka. Wani zai fara mantuwa, ya bar murhu a kunne, 'ya'yansa suna wata jiha. Ku tara lambar dangin kowa da izininsa, ku sa lambobin gida masu ƙyalli a bakin hanya domin 'yan kwana-kwana na karkara galibi 'yan sa kai ne kuma daga nesa suke tahowa, ku sayi na'urar farfaɗo da zuciya ku rataye a zaure. Abin da ya wuce haka a kira ofishin kula da tsofaffi na yankin, kada ku ba da magani, kada ku ɗaga wanda ya faɗi, a kira lambar gaggawa 911.

Kada ka yanke hukunci a bakin hanya. Za a tare ka kana yawo a ce ka yafe tarar wane. Amsa ɗaya ce: a rubuto, za a duba a taro. Mai bashi a yi masa tsarin biya a rubuce, iri ɗaya ga kowa, sunansa kuma kada ya fita daga ɗakin taro. Kwangilar kwashe dusar ƙanƙara a sa mata hannu tun Satumba, a rubuta inci nawa za ta kai kafin ɗan kwangilar ya fito, kuma ya kawo shaidar inshorarsa. Ka ce musu zango ɗaya za ka yi, a rubuta a bayanan taro, sannan a ba ka mataimaki da zai koyi littafin tun watan farko. Idan ka samo takardun, turo mana adadin da ke asusun ko-ta-kwana da shekarar da aka shimfiɗa kwaltar, ka rufe sunayen mutane, mu taya ka lissafi. Allah Ya yi jagora.