Ruwa ne ya yi wa tsiron yawa

Jiya da yamma muna wanke kayan aiki ka tambaye ni, ka ce: “Maigida, irin tumatirin da na zuba ya fito cif, kwana biyar ina murna, yau na zo na tarar rabinsa a kwance. Ban taɓa yi masa fashin ruwa ba, safe da rana da yamma. Ko irin ne ba shi da kyau?” Ban ba ka amsa nan take ba saboda ina so in ga fangalin da idona. Na je da sassafe na duba. Ɗana, irin nan ba shi da laifi. Da lalatacce ne, da bai fito ba tun farko.

Na tsuguna na ciro guda ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta. Ganyensa biyu suna nan kore shar, kai ka ce lafiyarsa lau. Amma daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya koma kamar zare, ya yi duhu, ya yi ruwa-ruwa, kamar an matse shi da farce. Duk inda ka ga wannan alama, ruɓewar gindin tsiro ce. Wasu ƙwayoyin cuta ne dangin funfuna da ke zaune a cikin ƙasa suke kawo ta. Masana sun fi ambaton uku, Fitiyam da Rizoktoniya da Fusariyam. Na farkon nan ma ƙwayoyinsa iyo suke yi a cikin ruwan da ke tsakanin ƙasa, daga wannan saiwa zuwa waccan. Ka ga ke nan, duk lokacin da ka ɗauko gwangwanin ban ruwa karo na uku a yini, hanya kake share masa. Na tura yatsa a ƙasar, ta manne mini kamar taɓo, ga kore-kore ya fara fitowa a samanta. Ga kuma rumfar da ka yi, ka rufe ta ruf, ba rana ba iska.

Na san ƙauna ce ta sa ka. Ni ma a shekarata ta farko haka na kashe fangali guda na kabeji, ina tsaye a kansa ina ƙara masa ruwa don na ga yana faɗuwa, a zatona ƙishirwa ce. Har yau ina jin zafin abin.

Wanda ya kwanta ya tafi, ba maganin da zai tashe shi. Ka kwashe su duka har da ƙasar da ke kewaye da su, ka kai nesa, kada ka zuba a ramin taki. Sauran kuma ka bar su su sha iska.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, iri da tsiro ba buƙatarsu ɗaya ba. Kafin iri ya fito, bushewa ce abokiyar gabarsa. Da zarar ya sha ruwa ya kumbura, ya fara fasa ɓawo, in ƙasa ta bushe masa ko na yini ɗaya ne, ya mutu a ciki ba tare da ka sani ba. Shi ya sa muke lulluɓe fangali da busasshiyar ciyawa, muna yayyafa ruwa akai-akai. To amma ranar da ka ga kawunansu sun ɓullo, aikin ya juya. Ka janye ciyawar a ranar, kada ka ce sai gobe. Daga nan ruwa sau ɗaya ne, da safe, don saman ƙasa da ganye su bushe kafin dare. In ana tsananin zafi har ka ga suna neman yin yaushi, ka ƙara kaɗan da la’asar. Kuma kafin kowane ban ruwa ka tura yatsa zuwa gaɓar farko. In ka ji danshi, ajiye gwangwanin ka kama wani aiki. Saiwa tana numfashi kamar yadda kake yi, kuma ƙasar da ta cika da ruwa ba iska a cikinta. Ban da haka, tsiron da ruwa ke samunsa a sama kullum ba zai wahalar da kansa ya tura saiwa ƙasa ba. Wanda ya ɗan nema kuwa, in ka ciro shi za ka ga saiwarsa fara tas, mai yawa, ta riƙe ƙasa gam.

Gwangwanin ma ka duba bakinsa. Mai ƙananan huji nake so, wanda ruwansa ke sauka kamar yayyafi. Zuba ruwa da bokiti yana tone iri, ya tara shi gefe guda, ya kuma daddaɓe ƙasa ta yi ɓawo.

Sai batun rumfa. Ka lura da waɗanda suka tsira, sun yi tsawo, sirara, farare-farare, duk sun karkata gefe ɗaya? Ba girma ba ne wannan, neman haske suke yi. Tsiron kirki gajere ne, mai kaurin kara, ganyensa kore mai duhu. Ka ɗaga rumfar sama, ka rage ciyawar kanta ta yadda ranar safe za ta shiga sosai, ta tare musu ta tsakar rana kawai. Iskar da ke kaɗa su ma tana ƙara wa karansu ƙwari.

Irin da ka zuba ma ya yi yawa. Na ga watsa shi ka yi da hannu, ya fito a cunkushe, kowa na danne ɗan’uwansa. A cunkoso danshi ba ya tashi, cuta kuwa tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan cikin dare ɗaya. Nan gaba ka ja layuka da ɗan tsinke, tazarar santimita 10 tsakaninsu, ka jera irin ɗai-ɗai. Yanzu dai ka rage su, ka bar faɗin yatsu biyu tsakanin kowane biyu. Da almakashi za ka yanke raunanan daga gindi, don in ka fizge za ka girgiza saiwar maƙwabcinsa. Na san hannunka zai yi nauyi, kowa ma haka yake ji da farko. Ka daure.

Zurfin shuka kuwa, ƙa’idarsa ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar. Tumatir da tattasai ba sa wuce santimita ɗaya. Latas a sama ake barinsa, a ɗan danna kawai, don yana son haske kafin ya tsiro, kuma in zafin ƙasa ya haura digiri 30 sai ya ƙi fitowa. Tumatir kan fito cikin kwana 5 zuwa 10. Tattasai yana da nawa, yakan kai mako biyu, wani lokaci uku, saboda haka kada ka tone shi kana dubawa.

Tunda ka zargi iri, ga yadda ake gane gaskiyarsa. Ƙirga ƙwaya 10, ka naɗe a tsumma mai danshi, ka sa a leda, ka ajiye a wuri mai ɗumi. In 8 ko 9 sun tsiro, irinka lafiya lau. In 5 ne, ka ninka abin da za ka zuba. Ƙasa da haka, nemi wani. Irin albasa musamman ba ya jimawa, bayan shekara ɗaya ƙarfinsa ya fara tafiya, alhali na tumatir yakan kai shekara huɗu in an adana shi a busasshen wuri mai sanyi.

Ƙasar da cutar nan ta ci, ba za mu sake renon iri a cikinta haka nan ba. Za mu jiƙa ta, mu shimfiɗa farar leda wadda ake ganin ciki, mu binne gefunanta, rana ta gasa ta mako 4 zuwa 6. Sabon fangalin za mu ɗaga shi kamar santimita 15 don ruwa ya riƙa tsiyayewa, mu tankaɗe ƙasar, mu haɗa da yashi da takin da ya ruɓe sarai har ya daina wari. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. In a roba ko gwangwani za ka shuka, ka wanke shi, ka huda gindinsa.

Kada ka yi musu gaggawar taki. Ganye biyun nan na farko guzurinsu ne daga cikin ƙwayar. Sai ganyen gaskiya ya fito, mai tsaga-tsaga irin na tumatir, sannan ka ba su taki a ruwa, rabin ƙarfin da ake ba babba.

In Allah ya raya sauran, za su isa dashe a mako 4 zuwa 6, da ganyen gaskiya huɗu zuwa shida. In saura kwana 7 zuwa 10 a yi dashen, ka fara janye rumfar kaɗan-kaɗan, kana rage ruwa, har su saba da rana tun suna gida. Ranar dashe ka jiƙa fangalin sosai, ka jira yamma, ka ɗago kowanne da ƙasarsa. Ganye za ka riƙe, ban da kara, domin ganye in ya yage wani zai fito, kara kuwa ɗaya ne. Tumatir ka binne shi har kusa da ganyen ƙasa, zai fitar da sabuwar saiwa a jikin karan. Karas da na ga ka ajiye irinsa kusa da fangalin, shi ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi, in ba haka ba saiwar ta karkace ko ta rabu biyu.

Gobe ka zo da almakashi da rariya. Kada ka ba su ruwa sai na iso, mu tura yatsa tare.